Daren da Mutari ya ce in fito

Na riga na wanke ƙafa,
na shafa man kaɗe a dunduniyar da ɗari ya tsattsaga,
na ja bargo har haɓa,
sai ga ƙarar moto a ƙofar gida.
Mutari ne. Shi kaɗai ke kiran sunana sau uku
kamar mai bin bashi.

Na ce, ina zuwa?
Ya ce, fito dai, tambaya ba ta ɗumama jiki.

Na ɗora rigar sanyi bisa jallabiya,
safa ɗaya tawa, ɗaya ta ƙanena.
Laminu na bayansa, ya naɗe fuska sai ido.
Na kutsa tsakaninsu,
mu uku a moto guda, kamar nama a tsinke.

Muka baro Garin Malam,
muka bi gefen Kasuwar Dole, rumfuna duk sun yi barci,
mai tsire kaɗai ke fifita wuta
karnuka biyu na yi masa fadanci.
Iska na yankan kunne,
hawaye na fita ba da baƙin ciki ba.

Wani fili ne a Zango,
katanga huɗu, rufinsa taurari,
kujerun roba, rabinsu an ɗinke su da waya.
Shafi'u ya kama mana tebur kusa da mai shayi,
ya ce ba don kiɗa ba, don garwashi.
Aka kawo lemun hari mai citta
wanda ya shaƙe ni ya sake ni,
aka kawo shayin farko, ɗaci kamar gaskiya.
Na riƙe kofin da hannu biyu
na ƙi sha da wuri.

Jita biyu, kalangu ɗaya,
da wata mai suna Zuwaira
da muryarta ta fi jikinta girma.
Tana kai tsakiyar baiti na uku
aka ɗauke wuta.

Jita suka mutu a hannun masu su.
Wani ya ja tsaki, wani ya haska waya.
Sai daga can gindin katanga
wani tsoho, Tsahiru aka ce sunansa,
wanda tun da muka zo yake dumamar gurminsa cikin riga
kamar jinjiri,
ya fiddo shi ya taɓa tsirkiya.
Ba shi da abin da wuta za ta ƙwace masa.
Mai kalangu ya lallaɓa ya bi shi.
Zuwaira ta ajiye lasifika,
ta ɗauko baitin daga inda ya faɗi.

A nan ne Laminu ya tashi.
Laminu, da wata bakwai ke nan
da dawowarsa daga haƙar zinariya a Jado
da tari, da jaka wofi, da shiru,
wanda a fadarmu sai dai ya karɓi kofi ya mayar.
Ya kwance rawani ya ɗaura a ƙugu,
ya yi wata rawa marar kyan gani,
kafaɗa ɗaya na gaba da ɗaya.
Mutari ya buɗe baki zai yi dariya,
na taka masa ƙafa.

Jika guda ce a aljihuna, ta cefanen gobe.
Na je na liƙa wa tsohon a hula.

A hanyar komawa mai ya ƙare
daidai duwatsun Birni.
Mai sayar da man kwalba ya tafi da kwalabensa.
Muka tura, muna karɓa-karɓa.
Laminu na gaba, yana ƙunƙunin waƙar,
tari na katse shi, yana ci gaba.
Ladan na gyara murya na shiga ɗaki.
Bargon na nan yadda na bar shi,
ya huce sarai.